Shuɗiyar Wayar Eilif

Ƙarfe uku na dare a Båtsfjord,
ko da yake a Janairu dare da rana duk kanwar ja ce,
Torunn ta kira ni daga masana'antar kifi:
sikeli ya daina magana da ofis,
injin buga lamba ya yi gum,
tan goma sha ɗaya kwance a kan ƙanƙara,
ga direban Finland a waje yana hura hannuwa.

Na tarar da akwatin a bayan ɗakin sanyi,
mai ƙofa arba'in da takwas,
fitilunsa na ƙyafta ido gaba ɗaya
kamar masu jin jiki.
Ba ƙyaftawar aiki ba ce. Na san ta.
Guguwa ce.

Saƙo ɗaya tak ya fita cigiya:
wa ke da wannan adireshi?
Ya fita ta nan, ya dawo ta can,
akwatin bai gane ɗan cikinsa ba, ya sake raba shi ga kowa.
Ɗaya ya haifi biyu, biyu suka haifi dubu,
kuma irin wannan saƙo ba ya tsufa,
ba wanda ya rubuta masa ajali.

Tocila a baki, na dinga zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya.
A ta ashirin da bakwai fitilu suka sauke ajiyar zuciya.
Na bi sawunta har ɗakin shan kofi:
shuɗiyar waya, kai a bango, wutsiya ma a bango.

Eilif ne.
Shekara talatin a teku, yanzu shi ke goge daɓe.
Ya ga bakin waya a yashe, ya ga rami ba kowa.
"A jirgi," in ji shi, "igiyar da aka bari sake
ita ke jan mutum ruwa."
Ban ce masa uffan ba.
Ni ce bara na kashe tsaron da hannuna
don an ƙosa da jiran daƙiƙa talatin kowace safiya.

Na kifa kwandon kifi na zauna,
kwamfuta a cinya, yatsu sun ƙage,
na fara dasa bishiya.

Sai an fara da saiwa.
In ba ka naɗa shugaba ba, su za su naɗa,
kuma wani tsohon akwati mai ƙura a sito zai ci zaɓen.
A nan mai ƙaramar lamba shi ne babba,
sai na ba na tsakiya dubu huɗu da casa'in da shida,
na bar saura da lodinsu.
Duk daƙiƙa biyu su yi wa juna sallama:
ina nan, ga nisana da saiwa.

Hanya biyu ke zuwa ɗakin sanyi.
Bishiyar ta ce wa ɗaya: ke zauna rufe,
ki kasa kunne, kada ki tanka,
sai ranar da aka yanke 'yar'uwarki.

Ƙofofin bango kuwa, na mutane ne.
Na gargaɗe su: duk wadda ta ji sallamar akwati
daga inda ya kamata kwamfuta ta kasance,
ta ja ƙyaurenta, ta jira ni.

Sannan na miƙa wa Eilif wayarsa.
"Sake yi."
Ya dube ni, ya dubi Torunn, ya goge hannu a wando.
Ƙyas. Ƙyas.
Fitila ɗaya ta koma ruwan goro.
Saura suka ci gaba da ƙyaf-ƙyaf ɗinsu, kowa da nasa taki.
Can ciki injin lamba ya yi tari, ya kama aiki.

"Shi ke nan?" in ji shi.
Shi ke nan.

Ina tattara kaya na hango shi
yana naɗe wayar tsakanin gwiwar hannu da babban yatsa,
zagaye bakwai, ƙulli ɗaya,
ya rataye ta a ƙusa, sama da tukunyar kofi.